Izinin fankshin na ƙare-ƙaren PostgreSQL: tambayoyi da amsoshi kan kwafin ajiya da maidowa

A wannan shafi, ƙari na nufin abin da ake girkawa a rumbun bayanai na PostgreSQL (manhajar sarrafa rumbun bayanai) da umarnin `CREATE EXTENSION`, irin su `dblink`, `pgcrypto` da `pg_stat_statements`. Kowane ƙari yana zuwa da fankshin ɗinsa, mai kula da rumbu kuma yakan bai wa wasu asusu izinin kiransu, ya hana wasu. Abin da ke faruwa da wannan rabon izini idan aka ɗauki kwafin ajiya aka maido da shi, shi ne batunmu.

Na maido da rumbuna, tebura da bayanai duk sun dawo, amma izinin fankshin na ƙari ya koma yadda yake ranar da aka girka. Me ya jawo?

Asalin abin yana cikin yadda `pg_dump`, manhajar ɗaukar kwafin ajiya, ke kallon ƙari. Tun da aka shigo da tsarin ƙare-ƙare a PostgreSQL 9.1 a shekarar 2011, `pg_dump` ba ya rubuta fankshin na ƙari ɗaya bayan ɗaya. Layi guda yake rubutawa, `CREATE EXTENSION IF NOT EXISTS`, ya bar wa sabar da za a maido wa aikin gina komai daga fayilolin ƙarin da ke kanta. Fankshin ɗin da ka tarar bayan maidowa sababbi ne fil, kuma sabon fankshin da izininsa na asali yake zuwa.

Daga 9.1 zuwa 9.5 labarin a nan yake tsayawa: duk `GRANT` (bayar da izini) ko `REVOKE` (janye izini) da ka yi a kan abin da ke cikin ƙari ba ya shiga kwafin. A 9.6, wadda ta fito a 2016, aka gyara. Saboda haka idan sabar da ka ɗauko kwafin daga gare ta 9.6 ce ko sama da haka, kuma duk da haka izini ya ɓace, galibi dalilin yana cikin ɗayan huɗun nan: asusun ba su nan a sabuwar sabar, an yi amfani da zaɓin da ke barin izini a baya, sigar ƙarin ta canja, ko wanda ya yi maidowar ba shi da ikon bayar da izinin.

Yaya gyaran 9.6 yake aiki?

An ƙara wani tebur a kundin tsarin mai suna `pg_init_privs`. Idan rubutun girka ƙari ya yi `GRANT` ko `REVOKE` a kan wani abu nasa, ana adana izinin da abin ya tashi da shi a wannan tebur, da alamar `e` a shafin `privtype`. Abubuwan da `initdb`, umarnin kafa sabuwar sabar, ya saita kuwa alamarsu `i`. Lokacin ɗaukar kwafi, `pg_dump` yana gwada izinin yanzu, wanda ke shafin `proacl` na `pg_proc`, da wancan na asali. Idan fankshin ba shi da layi a `pg_init_privs`, sai a gwada da izinin da kowane fankshin ke samu tun farko. Bambancin kawai ake rubutawa, a matsayin layukan `REVOKE` da `GRANT` da za su gudana bayan an gina ƙarin.

Wannan kalma ta bambanci ita ce abin riƙewa. Kwafin bai ƙunshi cikakken hoton izini ba. Ya ƙunshi matakan da za su kai daga izinin asali zuwa wanda ka saita, bisa zaton cewa sabuwar sabar daga wuri ɗaya za ta tashi da tsohuwar. Duk abin da ya rusa wannan zato zai ɓata sakamakon.

Me ya sa ake cewa ɓacewar REVOKE ta fi ɓacewar GRANT haɗari?

Domin sabon fankshin a PostgreSQL a buɗe yake ga kowa: `PUBLIC`, wato dukkan asusu, na da izinin kira, `EXECUTE`, a kansa tun daga ƙirƙira, sai dai idan an janye. Idan `GRANT` ya ɓace, manhajar da ke kiran fankshin za ta ci karo da `permission denied for function`, cikin mintuna kaɗan wani zai kawo ƙara. Idan `REVOKE` ne ya ɓace, babu abin da zai tsaya. Komai zai ci gaba da tafiya lafiya lau, ƙofar da ka rufe da gangan kuwa tana buɗe.

Ɗauki misalin wanda ya janye `dblink_connect` daga `PUBLIC` don kada kowane asusu ya buɗe hanya daga sabar rumbun zuwa wasu na'urori. Bayan maidowar da ta zubar da izini, kowane asusun da ke iya shiga rumbun ya sake samun damar kiransa, kuma babu saƙon da zai sanar da kowa. Shi ya sa gwajin da ya tsaya a "manhaja ta tashi, tana aiki" bai isa ba. Dole a gwada cewa wanda aka hana har yanzu a hane yake.

Wasu ƙare-ƙaren suna rufe fankshin masu haɗari da kansu. `dblink_connect_u` da `pg_stat_statements_reset` a janye suke daga `PUBLIC` tun a rubutun girkawa, don haka su ba sa buɗewa bayan maidowa. Abin da kan ɓace a kansu shi ne izinin da ka ƙara wa wani asusu.

Idan na ɗauki kwafin tsohuwar sabar da sabon pg_dump, matsalar ta kau?

A'a. Sabar da ba ta kai 9.6 ba, ba ta da `pg_init_privs`, kuma `pg_dump` ko na wace siga ba ya fitar da izinin abubuwan ƙari daga irinta. Mafita ita ce a haɗa rubutun izinin da hannu kafin ƙaura: ga duk fankshin na ƙari da `proacl` ɗinsa ba fanko ba ne, a rubuta `REVOKE ALL ... FROM PUBLIC`, sannan a warware jerin izinin da `aclexplode` a rubuta `GRANT EXECUTE` ga kowane mai izini. Inda `grantee` ya zama 0, `PUBLIC` ake nufi. Kafin gudanar da tambayar da za ta haɗa rubutun a sa `SET search_path = ''`, in ba haka ba `regprocedure` zai yar da sunan sikima (sashen rumbu da abubuwa ke zaune a ciki) daga sunayen fankshin, rubutun ya dogara da saitin wanda zai gudanar da shi.

Ina ganin `role "..." does not exist` yayin maidowa. Ba a cikin kwafin asusun suke ba?

Ba sa ciki. Asusu na sabar ne gaba ɗayanta, ba na rumbu guda ba, `pg_dump` kuwa rumbu guda yake ɗauka. Sunayensu kawai yake ambata a layukan izini. A ɗauke su daban:

`pg_dumpall --globals-only > asusu.sql`

A gudanar da wannan fayil a sabuwar sabar kafin a taɓa `pg_restore`, manhajar maidowa. Idan asusun da kake aiki da shi ba ya iya karanta `pg_authid`, kamar yadda yake a yawancin sabar haya, ƙara `--no-role-passwords`, wanda ke nan tun PostgreSQL 10; asusun za su zo ba tare da kalmomin sirri ba, sai a sake saita su. Wannan fayil ɗin ne kuma ke ɗauke da wane asusu ne mamban wane rukuni. Idan ka bai wa rukuni izinin fankshin, layin `GRANT` zai iya gudana daidai amma mutanen da ke cikin rukunin su rasa dama saboda mambancinsu bai zo ba.

Waɗanne zaɓuɓɓuka ne ke barin izini a baya?

Na fili shi ne `--no-privileges`, wanda ake rubutawa `--no-acl` ko `-x`. Yana nan a `pg_dump` da `pg_restore` duka biyu, kuma mutane kan saka shi tare da `--no-owner` don su rabu da kurakuran asusun da babu. Kurakuran za su yi shiru, amma duk wani `REVOKE` ya tafi tare da su. Idan dole ne a yi amfani da shi, a san cewa an ɗauki nauyin sake gina izini gaba ɗaya da hannu.

Wanda ba a cika lura da shi ba shi ne kwafin ɓangare. Idan ka ce `-n` don sikima guda ko `-t` don tebur guda, `pg_dump` ba ya haɗawa da ƙare-ƙare, ko da fankshin ɗinsu a cikin wannan sikima suke zaune, kuma canjin izininsu ma ba ya shiga. Daga PostgreSQL 14 akwai `--extension` da za a ambaci ƙarin da ake so a haɗa. A 17 an ƙara `--exclude-extension`, wanda shi ma idan ya cire ƙari, izinin abubuwansa ya bi shi.

An rubuta GRANT a kwafin, asusun na nan, amma ya faɗi da cewa babu fankshin ɗin. Ta yaya?

Sigar ƙarin ce ta canja. Layin `CREATE EXTENSION` da `pg_dump` ke rubutawa ba ya ambatar siga, da gangan, don sabuwar sabar ta girka wadda take da ita. A PostgreSQL kuwa ana gane fankshin ne da sunansa haɗe da nau'in abubuwan da yake karɓa. Idan jerin nan ya canja, to wani fankshin ne daban ko da sunan ɗaya ne.

`pg_stat_statements_reset` misali ne mai kyau. Kafin PostgreSQL 12 ba ya karɓar komai. A sigar ƙarin ta 1.7, wadda ta zo da 12, ya koma karɓar abu uku: `oid, oid, bigint`. A 1.11, wadda ta zo da 17, an ƙara na huɗu, `boolean`. Wanda ya bai wa asusun sa ido izini a kan mai karɓar uku, ya maido da kwafin a 17, layin `GRANT` ɗinsa zai nemi fankshin da babu shi. Sabon kuma a rufe yake, asusun sa idon ya rasa dama.

Akwai wani tarko a nan. Sabar tana iya zama sabuwa amma ƙarin da ke cikin rumbun tsoho, domin ba ya sabunta kansa. Kafin ɗaukar kwafi a gwada `extversion` na `pg_extension` a tsohuwar sabar da `default_version` na `pg_available_extensions` a sabuwar. Duk inda suka bambanta, a duba fankshin ɗin da aka taɓa izininsu.

ALTER EXTENSION UPDATE yana shafar izini?

Yana iya shafa. Idan rubutun sabuntawa ya yi `CREATE OR REPLACE`, fankshin yana nan da izininsa. Idan ya goge tsohon ya ƙirƙiri sabo, kamar yadda ake yi duk lokacin da jerin abin da yake karɓa ya canja, izinin da ka bayar ya mutu tare da tsohon. Kwafin da aka ɗauka bayan haka ba shi da abin da zai adana. A duba izini bayan kowace sabuntawa.

Wa zai mallaki fankshin ɗin bayan maidowa, kuma me ruwan wannan da izini?

`pg_dump` ba ya adana mamallakin ƙari. Wanda ya gudanar da maidowar shi ke yin `CREATE EXTENSION`, shi ke zama mamallakin ƙarin, kuma a ƙa'ida shi ke mallakar fankshin ɗin. Idan ka taɓa canja mamallakin wani fankshin na ƙari da `ALTER FUNCTION ... OWNER TO`, wannan ma ba ya shiga kwafin.

Daga PostgreSQL 13 akwai ƙare-ƙaren da aka yi wa alamar aminci, waɗanda asusu mai izinin `CREATE` a kan rumbu ke iya girkawa ko da ba babban mai gudanarwa ba ne. A irin wannan girkawa ƙarin nasa ne, amma rubutun yana gudana ne da sunan babban asusun farko na sabar, kuma shi ke mallakar fankshin ɗin. Wato asusun da ya girka ba shi da ikon bayarwa ko janye izini a kansu.

Abin da ke biyo baya shi ya fi kowane ɓoyuwa. Idan asusun da ba mamallaki ba ya yi `REVOKE` a kan fankshin da yake da damar kira, PostgreSQL ba ya ɗaukar haka kuskure. Gargaɗi yake bayarwa: `no privileges could be revoked`, ko `no privileges were granted` idan bayarwa ce. Gargaɗi ba ya tsayar da maidowa, ba ya shiga ƙidayar kurakurai, ko da an sa `--exit-on-error`. Aikin zai ƙare da alamar nasara, fankshin kuma a buɗe. Don haka a adana duk abin da `pg_restore` ya fitar a fayil, a nemi kalmar `WARNING` a ciki. A sabar haya, inda abokin ciniki ba ya samun cikakken ikon babban mai gudanarwa, wannan ne wurin da ya kamata a fara dubawa.

Ƙaramin abu makamancinsa: idan wani asusu mai `WITH GRANT OPTION` ne ya bayar da izinin, `pg_dump` yana rubuta `SET SESSION AUTHORIZATION` da sunansa kafin layin, wannan kuwa sai babban mai gudanarwa ke iya gudanar da shi.

Ta yaya zan tabbatar izinin yana cikin kwafin kafin in buƙace shi?

Idan an ɗauki kwafin da `-Fc` ko `-Fd`:

`pg_restore -l kwafi.dump | grep ACL`

Kowane fankshin da aka canja wa izini zai fito da layinsa. Don ganin umarnin da kansa, a zuba waɗannan layuka a fayil, a miƙa shi da `-L`, a fitar da sakamakon da `-f -`. Za ka ga `GRANT ALL ON FUNCTION` inda kai ka rubuta `GRANT EXECUTE`. Daidai ne, domin `EXECUTE` ne kaɗai izinin da fankshin ke da shi. Ta wannan hanyar ta `-L` ake iya sake gudanar da layukan izini kaɗai, idan an gano daga baya cewa asusun ba su nan lokacin maidowar farko.

Bayan maidowa fa, me zan gwada?

A gudanar da tambaya ɗaya a sabar biyu, a gwada sakamakon da `diff`:

```
SELECT e.extname,
       p.oid::regprocedure AS fankshin,
       coalesce(p.proacl, acldefault('f', p.proowner)) AS izini
FROM pg_depend d
JOIN pg_extension e ON e.oid = d.refobjid
JOIN pg_proc p ON p.oid = d.objid
WHERE d.classid = 'pg_proc'::regclass
  AND d.refclassid = 'pg_extension'::regclass
  AND d.deptype = 'e'
ORDER BY e.extname, p.oid::regprocedure::text;
```

Alamar `e` a `pg_depend` ita ke nuna cewa abu na cikin ƙari ne. An sa `coalesce` ne saboda `proacl` fanko ba ya nufin babu mai izini. Yana nufin izinin asali, wato mamallaki da `PUBLIC`. Wajen karanta sakamako, `rahoto=X/postgres` na nufin asusun `rahoto` na da izinin kira daga hannun `postgres`, `=X/postgres` kuwa, ba suna a gaban alamar daidai, shi ne `PUBLIC`. Idan mamallaki ya canja, sunan bayan sandar zai bambanta a kowane layi. Abin da ya fi muhimmanci shi ne sunayen da ke gaban alamar daidai.

Daga nan a tambayi sabar kai tsaye da `has_function_privilege`, a ba shi sunan asusu, fankshin da `'EXECUTE'`, musamman ga asusun da ya kamata amsarsu ta zama `false`. Shi yana lissafawa har da mambancin rukuni. Ba ya duba izinin `USAGE` a kan sikimar da ƙarin ke zaune, wanda idan babu shi asusu ba zai iya kiran fankshin da suna ba. Wannan sai `has_schema_privilege`.

pg_basebackup da pg_upgrade ma haka suke?

`pg_basebackup` fayilolin sabar yake kwafa kamar yadda suke, har da kundin tsarin, don haka asusu, mamallaka da izini duk suna dawowa ba canji. Abin da ba ya ɗauka shi ne fayilolin ƙarin da ke wajen babbar foldar bayanai; sai an girka su a na'urar da za a maido wa. `pg_upgrade` kuwa, mai ɗaga sabar zuwa sabuwar siga, yana sake gina abubuwan ƙari ɗaya bayan ɗaya a kan tsohuwar sigarsu, tare da izininsu. A can haɗarin yana zuwa ne daga baya, lokacin da aka yi `ALTER EXTENSION UPDATE`.

In janye EXECUTE daga PUBLIC a kan dukkan fankshin na ƙare-ƙare, in huta?

Ba mu ba da wannan shawara ba sai bayan gwaji sosai. Alamomin kwatanci da ƙari ke kawowa, irin `%` na `pg_trgm` ko `=` na `citext`, fankshin ne ke ƙarƙashinsu, kuma ana duba izinin kiransu. Shafin tebur da ke cika kansa da `uuid_generate_v4` yana buƙatar wanda ke shigar da bayani ya sami izinin fankshin ɗin. Abin da aka gina da `CREATE VIEW` ma, idan yana kiran fankshin, izinin mai tambaya ake dubawa, ba na mamallakinsa ba. Rufewar bai-ɗaya tana karya waɗannan duka, tana kuma ƙara ɗaruruwan layukan izini da kowannensu ke iya faɗuwa idan siga ta canja. A rufe waɗanda ke kaiwa waje, ko karanta abin da bai kamata ba, ko goge ƙididdiga.

Akwai tsarin da ya fi jure ƙaura?

Abu biyu. Na farko, maimakon bai wa asusu izini kai tsaye a kan fankshin na ƙari, a rubuta ƙaramin fankshin naka a sikimarka, mai `SECURITY DEFINER` da tsayayyen `search_path`, wanda ke kiran na ƙarin. A janye shi daga `PUBLIC`, a bai wa wanda ake so. Shi `pg_dump` yana ɗaukarsa cikakke: jikinsa, mamallakinsa da izininsa. Gyara jikin fankshin na ƙari da kansa kuwa aikin banza ne, domin gyaran ba ya shiga kwafin.

Na biyu, a ajiye duk `GRANT` da `REVOKE` na ƙare-ƙare a fayil guda tare da sauran rubutun rumbun, a rubuta shi yadda za a iya gudanar da shi sau nawa ba tare da ɓarna ba.

Wane jeri ya kamata a bi ranar maidowa?

A girka fayilolin ƙare-ƙaren a sabuwar na'ura, a duba sigoginsu. A gudanar da fayil ɗin asusu. A ƙirƙiri rumbun da `createdb -T template0`, domin idan `template1` na ɗauke da ƙarin tun da farko, `IF NOT EXISTS` zai tsallake girkawa, bambancin da ke kwafin ya hau kan izinin da ba shi aka zata ba. A yi maidowar da asusun da zai mallaki fankshin ɗin, da `--exit-on-error` ko `--single-transaction`; idan kwafin rubutun SQL ne, da `psql -v ON_ERROR_STOP=1`. Ba tare da waɗannan ba `pg_restore` yana wuce kuskure ya ci gaba, sai a ƙarshe ya faɗi adadin da ya ƙyale a layi guda. A nemi gargaɗi a abin da ya fitar, a gudanar da fayil ɗin izini, a yi `diff` na tambayar da ke sama, sannan a buɗe wa manhajoji hanyar shiga.